Ra'ayinmu: Kakar auduga ta kama, wa zai lissafa awannin lebura?

Kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke hunturu ya fara busawa a kwarin Binuwai, aikin auduga ne ke karɓe ragamar arewacin Kamaru. Manyan motoci na jigila daga ƙauyuka zuwa masana'antun gurza na Garuwa, Ngong, Gidar, Tuboro, Kayele da Marwa, injuna na juyi dare da rana, haka za a yi ta yi har wajen Afrilu ko Mayu ana rige-rige da ruwan farko. A daidai lokacin ne masara da gyaɗa ke shigowa kasuwa, albasa kuma ta biyo baya. Cikin waɗannan watanni dubban matasa ke samun ɗan aikin da za su riƙe gida da shi har shekara ta zagayo. Cikinsu ne kuma mutum zai fita tun asuba ya dawo bayan isha'i, a ƙarshen wata a miƙa masa kuɗin da bai san yadda aka lissafa ba. Ra'ayin wannan jarida shi ne, awar da lebura ya yi ba a biya shi ba, da audugar da ke jibge a ƙauye tana jiran mota, da asusun ƙaramar hukumar da babu abin kirki a ciki, duk magana ɗaya ce.

Mu fara da abin da doka ta ce, domin da yawa cikin masu aikin da masu ba da aikin ba su taɓa jin sa ba. Dokar ƙwadago ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu ranar 14 ga Agustan 1992, ta ƙayyade a sashe na 80 cewa aikin da ba na gona ba kada ya wuce awa 40 a mako. Na gona kuwa awa 2,400 ne a shekara, kuma kada ya wuce awa 48 a mako. Duk abin da ya haura haka ƙarin lokaci ne, abin da ma'aikata ke kira heures supplémentaires, kuma kuɗinsa daban ne. Wata dokar firaminista ta ranar 18 ga Disamban 1995 ce ta faɗi farashin. Awa takwas na farko a mako ana ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin awa. Takwas na biyu kashi 30. Daga nan zuwa cikar awa 20, kashi 40. Ƙarin lokacin da ya faɗo ranar Lahadi kashi 40, na dare kuwa kashi 50, kuma dare a wurin doka daga ƙarfe goma ne zuwa shida na safe. Kafin mai aiki ya sa mutane ƙarin lokaci don aiki ya yi yawa sai ya nemi izinin sufeton ƙwadago, kuma ko da izinin, ba a wuce awa 60 a mako.

To, bari mu mai da wannan kuɗi, don kashi-kashi ba ya shiga kan kowa. Tun ranar 21 ga Maris na 2023 mafi ƙarancin albashi a ayyukan da ba na gona ba sefa 60,000 ne a wata, jaka sittin kenan. In ka raba da awannin wata, wajen 173, awa ɗaya ta tashi sefa 346. Ɗauki mutumin da ke yin awa goma kullum, kwana shida a mako. Ya yi awa 60, wato yana bin 20. Takwas na farko a kan 415, takwas na biyu a kan 450, huɗun ƙarshe a kan 484. Haɗa su, za ka samu kusan sefa 8,860 a mako, wajen 38,000 a wata. Ka ga ƙarin kaɗai ya fi rabin albashin. In kakar ta yi wata biyar, ya haura 190,000. Wannan kuɗin ne ke sayen buhunan takin da yaron zai kai gonar babansa a watan Yuni, shi ne kuɗin makarantar ƙannensa a Satumba, shi ne kwanon rufin ɗaki kafin ruwa ya sauka. In aka cinye shi, ba lebura kaɗai aka cuta ba, har da ƙauyen da ya fito, domin galibin masu aikin kaka manoma ne da suka shigo gari cin rani.

Akwai wani tarko da ya kamata mai neman aiki ya sani tun ranar farko. Dokar 2023 ɗin nan ta raba albashin gida-gida: aikin gona da dangoginsa sefa 45,000 ne, ba 60,000 ba. Kenan wanda aka rubuta a matsayin ma'aikacin gona an rage masa ta fuska biyu, albashinsa ya fi ƙanƙanta, ƙarin lokacinsa kuma ba ya fara ƙirguwa sai ya wuce awa 48. Awarsa ba ta wuce sefa 225. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, a binciken da ta yi kan rayuwar magidanta a 2021 zuwa 2022, ta sa iyakar talauci a kan sefa 813 ga mutum ɗaya a rana. Jaka arba'in da biyar a wata kuwa 1,500 ce a rana. Ko mata da miji kaɗai ba za ta fitar daga talauci ba, balle in akwai 'ya'ya biyar da tsohuwa a gida. Don haka tambayar farko da ya kamata a yi wa mai ɗaukar aiki ita ce: a wane ɓangare ka rubuta ni, kuma a wane mataki? Ba rashin kunya ba ne, kuma amsar tana cikin takardar albashi in har ana ba da ita.

Babban mai ɗaukar ma'aikata a yankin nan SODECOTON ne. An kafa shi a 1974, ya gaji kamfanin Faransa na CFDT wanda ya kawo noman audugar sayarwa a farkon shekarun 1950, hedikwatarsa tana nan Garuwa, kuma gwamnati ce ke da mafi yawan hannun jarinsa. Yana da masana'antun gurza da dama da na matsar mai biyu, a Garuwa da Marwa, inda man Diamaor ke fitowa. A wuri irin wannan, inda akwai ofishin ma'aikata da wakilansu da takardar albashi, mutum na da abin kamawa in an yi masa ba daidai ba. Inda gizo ke saƙa shi ne matakin da ke ƙasa: ɗan kwangilar da ya karɓi aikin lodi ko sauke kaya ko gadi ko shara ko sufuri, ya je ya ɗebo yaransa da baki, ba takarda ba sa hannu. Haka tsarin yake a kamfanoni da yawa, manya da ƙanana. Doka ba ta manta da wannan ba. Ta ce in aikin a harabar babban kamfani ake yinsa, ɗan kwangila kuma ya kasa biya, to nauyin ya koma kan kamfanin. Shi ya sa muke ganin kamfanin da gwamnati ke da rinjaye a cikinsa shi ya fi cancanta ya shige gaba: kada ya biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai ya ga rajistar awanni da sa hannun leburorin, kuma a manna farashin awa da na ƙarin lokaci a bakin ƙofa, da Faransanci da Fulatanci da Hausa. Tun da kamfanin ya farfaɗo daga asarar biliyoyin da ya yi tsakanin 2014 da 2016, noman kuma ya haura tan 300,000 a shekara, ai wannan ba abin da zai gagare shi ba ne.

Ma'aikacin kaka yana da wani ciwon da na dindindin ba ya da shi. Kwangilarsa ba ta wuce wata shida, kuma ya san jerin sunayen baɗi a hannun wani yake. In ya ɗaga murya bana, ba sai an kore shi ba, kawai ba za a kira shi ba in shekara ta zagayo. Wannan tsoron ne ke sa mutane haɗiye haƙƙinsu, ba wai ba su iya lissafi ba.

Amma laifi tudu ne. Kafin mu hango na kamfani, mu dubi kasuwanninmu. Wa ke riƙe da cinikin hatsi da albasa da gyaɗa da shanu tsakanin Garuwa, Pitowa, Ngong, Adumri da kudu? Da yawa 'yan uwanmu ne, alhazan da muke sahu ɗaya da su. A hannunsu akwai 'yan dako, da yaran mota, da masu ɗinkin buhu, da yaran shago, da masu gadin rumbu. Yaron shago zai buɗe ƙarfe bakwai ya rufe tara na dare, kwana bakwai a mako, a ce ai ɗan gida ne, ana ba shi abinci, wata rana za a sallame shi da jari. Wasu kam suna cika wannan alkawari, kuma mun san manyan 'yan kasuwa da ta haka suka tashi. Wasu kuwa sai yaro ya shekara bakwai a nemo masa laifi. Ɗauki maigadi. Saboda aikinsa akwai zama, doka ta ɗauki awa 56 na gadi daidai da awa 40 na sauran ayyuka. To amma maigadin da ke kamawa shida na yamma ya tashi shida na safe, kullum ba hutu, awa 84 yake yi. Yana bin 28 kowane mako, ga ranar hutun mako da doka ta wajabta, awa 24 a jere, ita ma ta bi ruwa. Nawa ne cikin masu rumbunan suka taɓa zama suka yi wannan lissafi? Ɗan dako kuma da ake biya kan buhu, za a ce shi ba ruwansa da awa. Haka ne, sai dai doka ta ce farashin buhun dole ya zama wanda mai matsakaicin ƙarfi, in ya yi aiki yadda aka saba, zai tashi da abin da bai gaza na mai albashin awa ba. Lodin tsakar dare don mota ta kama hanyar Ngaundare kafin gari ya waye bai kamata ya zama farashi ɗaya da na hantsi ba. Malamanmu na yawan magana kan haƙƙin maƙwabci da na marayu a huɗuba. Haƙƙin wanda ka sa aiki yana cikin wannan babi, kuma kaka ce lokacin tuna shi.

Mun san abin da mai kaya zai ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Zai ce riba ta yi siriri, man fetur da gas sun tashi a 2023 suka sake tashi a 2024, shingayen hanya kowanne da abin da ake ajiyewa, albasa kuma in ta kwana uku a kan hanyar Duwala rabi ta ruɓe. Zai ce in aka matsa masa da doka zai rage yara, goma su koma shida. To, mu duba. Wanda ke sa mutum shida aikin awa 84 ai ya riga ya rage yara, domin aikin mutum goma ne yake ɗora musu. Biyan ƙarin lokaci da tsada dalilinsa kenan tun asali: ya sa mai aiki ya ga ɗaukar sabon hannu ya fi masa arha a kan kashe wanda yake da shi. A garin da matasa ke zaune a inuwa ba aikin yi, wasu kuma na hawa acaba har su biyu kan babur ɗaya, ɗaya da rana ɗaya da dare, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kuma asarar da shinge da mummunar hanya suka jawo, ba a aljihun ɗan dako ya kamata a fanshe ta ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na da bakin da za su kai kuka wurin gwamna. Ɗan dako ba ya da shi.

Shi manomi ba a ma zancen ƙarin lokaci a wurinsa, domin ba wanda ya ɗauke shi aiki. Sama da magidanta 200,000 ne ke noma auduga a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta CNPC-C. Ana ba su taki da maganin feshi bashi, a cire ranar biya. Tsarin ya yi amfani, don babu bankin da zai ba ɗan ƙauye rance kan kadada ɗaya, kuma ta wannan hanya ce takin masara ma ke isa gonaki da yawa. Sai dai bashin na lamunin juna ne: ana haɗa mutane rukuni, in ɗaya ya kasa, sauran su biya masa. Shekarar da ƙwari suka yi ɓarna ko ruwa ya ci gona, wanda ya yi ƙoƙari shi ke ɗaukar nauyin wanda ya faɗi, kuma a nan zumunci ke tsinkewa. Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga farashin taki a 2022, abin da ke saura a hannu bayan cire bashi ya ƙara tsukewa. Awannin matarsa da 'ya'yansa a wurin tsintar auduga kuwa ba mai rubuta su a ko'ina. In manomi ya ga lissafin bai fita ba, yana da hanyoyinsa. A kakar 2010 zuwa 2011, da farashin duniya ya yi tashin gwauron zabi, auduga mai yawa ta tsallaka iyaka zuwa Najeriya. A wasu shekarun kuma sai ya juya ga masara ko waken soya. Ba taurin kai ba ne, ciniki ne.

Yanzu a duba abin da ke haifar da ƙarin lokacin kansa. Injin gurza ba ya aiki sai da wuta, wutar arewa kuma ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo, wadda 'yan Sin suka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. A 2020 da 2021, da ruwan madatsar ya ja baya, kowa a Garuwa da Marwa da Ngaundare ya ɗanɗana duhu, masana'antu ma haka. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Gidar da Marwa sun rage zafin abin, ba su kashe shi ba. In inji ya tsaya yau, gobe sai an ninka, kuma da jikin mutum ake ninkawa. Haka hanya. Motar da ya kamata ta yi sahu biyu a yini in hanyar ƙauye ta lalace sai ta yi ɗaya, ta iso tsakar dare, masu sauke kaya na zaune suna jira tun la'asar. Wannan jiran wa ke biyansa? A can ƙauye kuma auduga na jibge a fili, ga ƙura, ga awaki, ga gobarar daji, in ta daɗe ruwan farko ya taɓa ta daraja ta faɗi, kuɗin manomi kuma ba ya fitowa sai an kwashe. SODECOTON da kansa ke gyara dubban kilomita na hanyoyin karkara kowace shekara don motocinsa su wuce, amma shi inda auduga take yake bi. Ƙauyen mai albasa da mai dawa sai dai ya jira ƙaramar hukuma.

Ita kuwa ƙaramar hukuma da me za ta yi? Bayan babban taron tattaunawar ƙasa na 2019, aka kafa dokar ƙananan hukumomi da jihohi ta ranar 24 ga Disamban 2019. Sashe na 25 ya ce kason da gwamnatin tsakiya za ta ware musu daga kuɗin shigarta kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari. An yi ta tafi. Shekaru sun wuce, magadan gari na ta ƙorafin cewa abin da ke isowa bai kai haka ba, ana kuma ta jayayya a Yawunde kan waɗanne kuɗin shiga ne ma za a lissafa kason a kansu. Abin da kowa ya sani a hannu shi ne miliyan 100 da ake ba kowace ƙaramar hukuma a shekara don ayyukan raya ƙasa tun 2019, ƙananan hukumomi 360, biliyan 36 kenan. Akwai ƙarin abin da asusun FEICOM ke rabawa, da wanda ma'aikatu ke turowa da sunan aji biyu a nan, rijiyar burtsatse a can, da ɗan harajin kasuwa. Sai dai kuɗin kan makara, wani lokaci sai damina ta sauka ɗan kwangila ke samun izinin fara aiki, a yankin da daga Yuli zuwa Oktoba mota ba ta shiga wurare da yawa.

Rabon daidai-wa-daida ɗin nan yana da kyau a takarda, amma a duba Mayo-Rey. Faɗin gundumar ya haura murabba'in kilomita 36,000, ta fi Jihar Kano girma nesa ba kusa ba, ta fi ƙasar Beljiyam. Ƙananan hukumominta huɗu ne kacal: Colire, Rai Buba, Tuboro da Madingirin. Miliyan 400 kenan, in ka baza a kan faɗin ƙasar bai fi sefa 11,000 ga kowane murabba'in kilomita ba. Kuma nan ne ɗaya daga cikin manyan rumbunan auduga da masara na ƙasar, nan ne mutanen da suka taso daga Arewa Mai Nisa neman ƙasar noma ke ta sauka shekara da shekaru, nan ne kuma masu garkuwa da mutane suka addabi manoma da makiyaya, har mutum na tsoron a ji an biya shi kuɗin auduga. Jihar Arewa gaba ɗaya ƙananan hukumomi 21 gare ta, biliyan 2.1. Ƙaramar hukumar da ke tsakiyar Yawunde, mai kwalta da famfo da manyan shaguna masu biyan haraji, ita ma miliyan 100 ɗin take karɓa. Haba, ina adalci a nan? Kamata ya yi a sa faɗin ƙasa da yawan jama'a da tsananin talauci cikin ma'aunin. Binciken ƙididdigar da muka ambata ya nuna kashi 37.7 na 'yan Kamaru ne ke cikin talauci, amma a Jihar Arewa ya haura kashi 60, a Arewa Mai Nisa ya kusa 70. Kamaru na cikin ƙasashen da suka yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ware kashi 10 na kasafin kuɗi ga noma, aka sabunta a Malabo a 2014, har yau ba ta kai ba.

Abin da ke ƙara ɓata rai shi ne ganin inda arzikin ke tafiya. Dilolin auduga na hawa mota zuwa Ngaundare, su shiga jirgin ƙasa zuwa Duwala, su haye teku zuwa Asiya. Ɗan abin da ake saƙawa a gida bai taka kara ya karya ba, masaƙar CICAM ta Garuwa kuwa, wadda ta ciyar da gidaje da yawa a da, ta daɗe tana numfashi sama-sama. Atamfar da matanmu ke saya a babbar kasuwa galibi daga waje take, wataƙila ma da audugar Tuboro aka saƙa ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai manyan ayyuka da ake sa rai da su, irin shirin noman rani na VIVA Bénoué a ƙasan Lagdo da Bankin Duniya ya ba da rancensa, kuma muna fatan su yi albarka. Amma babban aiki mai ofishi da motoci ba ya maye gurbin kwalbatin da magajin gari zai gina a mashigar rafi.

Kada magadan gari su ɗauka mun wanke su. Miliyan 100 kaɗan ce, amma ba ƙaramin kuɗi ba ne a ƙauyen da ba rijiya. Mun sha ganin an fifita katangar ofishi da rumfar taro a kan hanyar da ke fitar da amfanin gona, an gina shagunan kasuwa da ba wanda ya shiga don ba a tambayi masu kasuwar inda suke so ba. Dokar 2019 ɗin nan ta ba duk mazaunin ƙaramar hukuma ko mai biyan haraji a cikinta damar neman kwafin kasafin kuɗi da bayanan zaman majalisa, da kuɗinsa, kuma zaman majalisar a buɗe yake ga jama'a. Kasafin baɗi a ƙarshen shekara ake zartar da shi, daidai lokacin da muke ciki da hada-hadar kaka. Ƙungiyoyin manoma da na mata masu albasa da sarakunan Hausawa na unguwanni su tura mutum biyu masu karatu su zauna a bayan zaure su saurara. Kansila na canza murya in ya ga fuskar wanda ya zaɓe shi. Haka majalisar jiha, wadda aka fara zaɓa a Disamban 2020, ita ma a tambaye ta hanyoyin karkara nawa ta sa a lissafi.

Ga ma'aikatar ƙwadago kuma, buƙatarmu mai sauƙi ce. Sufeto ya bar ofis a watannin nan. Ya je masana'anta ƙarfe sha ɗaya na dare, ya je tashar lodi ranar Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, ya nemi rajista. Ziyara ɗaya da aka ji labarinta ta fi takardar gargaɗi ɗari. In babu mota ko mai, gwamna ya samar, tunda ana samar wa wasu rangadin da ba su kai wannan muhimmanci ba.

Kafin sufeton ya zo, kai mai aikin kaka, sayi ƙaramin littafi na sefa ɗari. Kullum rubuta ranar, da lokacin da ka kama, da lokacin da ka tashi, da sunan wanda ya sa ka, ko da ajami ne. Ku yi ku uku ko huɗu don littafin wani ya gaskata na wani. Duk takardar da aka ba ka, ko ta albashi ko katin shiga, ɗauki hotonta da waya ka adana. Sa hannu kan takardar biya ba ya nufin ka yafe abin da kake bi, doka ta faɗi haka ƙarara. Kana da shekara uku ka nemi kuɗin aikin da ba a biya ka ba, don haka ba lallai ne ka yi magana a tsakiyar kaka ba in kana tsoron a cire sunanka. Matakin farko zaman sulhu ne a gaban sufeton ƙwadago, a Garuwa ko a hedikwatar gundumarku, Gidar ko Poli ko Colire. In sulhu bai yiwu ba zai ba ka takarda ka wuce kotu, kuma shari'ar ƙwadago ba a biyan kuɗin shigar da ƙara.